Laya, Iska da Maɗaba'a

A ce wani matashi a Dingyaɗi ya zana shafi ashirin na labarin wata yarinya da iskoki suka ɗauke a gindin tsamiya, kan hanyar Boɗinga. Zane ya yi kyau, labari ya tsaru, har ya san abin da zai faru a kashi na shida. Yanzu ya zauna zai rubuta wa kamfanin buga littattafai takarda. Layin farko na takardar yana bukatar suna uku: sunan abin da ya yi, sunan irin labarin, da sunan abin da yake nema a wurinsu. Ko ɗaya cikin ukun Hausa ba ta gama tsayar da magana a kansa ba, kuma a nan daɗin zancen yake.

Mu fara da abin kansa.

Sunan da ya fi yawo a bakin 'yan jarida shi ne zanen barkwanci. Ya dace da zanen da ake sakawa a kusurwar jarida, inda ake kumbura wa ɗan siyasa tumbi a ƙanƙance masa ƙafafu. Amma barkwanci abin dariya ne. Yarinyar da dangi suka kwana nema ba su gani ba, ina barkwanci a lamarinta?

Masu Turanci ma haka sunan ya yi musu. Kalmarsu, wadda yaran birni ke cewa komik, jikanyar kalmar Girkanci ce, komos, shagalin da ake fita titi ana waƙa ana raha. Zanen jaridun Amurka na shekarun 1890 na ban dariya ne, suna ya zauna masa daidai. Daga baya yaƙi da kisa da fatalwa suka shigo, suna bai gusa ba. Har yau littafin da zai hana mutum barci da sunan abin dariya ake sayar da shi.

Katun fa? Daga Italiya ta taso, inda kartone ke nufin takarda mai kauri da masu zane ke gwaji a kanta kafin su hau bango. Mujallar Punch ta Landan ce ta ɗora mata ma'anar zanen zolaya a 1843. Da ta iso gidajenmu sai ta koma sunan zane mai motsi da yara ke kallo a talabijin. Wanda ya ce wa maɗaba'a ya kawo katun, ba mamaki a nuna masa hanyar gidan talabijin.

Faransawa siffa suka duba: bande dessinée, doguwar ɗamara da aka yi wa zane. Ɗan makaranta a Maraɗi ko Damagaram harufan farko kawai yake ɗauka, ya ce bede. Italiyawa sun dubi farin kewayen da magana ke fitowa a ciki daga bakin mutum, suka ga ya yi kama da hayaƙi, suka kira abin gaba ɗaya fumetti, 'yan hayaƙi. Japanawa suka ce manga, zanen da aka sakar wa hannu, sunan da Hokusai ya sa wa littafin zanensa tun 1814. Larabawa kuwa ƙisas musawwara suke cewa, ƙissoshi masu sura.

Wannan surar tamu ce ma. Kyan sura, surar mutum, har da taswira, duk daga tushe ɗaya suke. Surar Alƙur'ani kuwa daban take, ita da sinun ake rubuta ta, waccan da sadi. Boko ne ya haɗe su suka zama tagwaye.

Wasu kan ce labari cikin hotuna. Hoto ɗan Ingila ne da ya zo da kyamara, kuma har yanzu ƙamshinta bai bar jikinsa ba. Akwai ma irin labarin da ya cancanci wannan suna da gaske: mujallar African Film ta ƙarshen shekarun 1960, mai ɗauke da Lance Spearman, hotunan mutane na gaske ake jerawa a saka musu magana. Abin da hannu ya ja da alƙalami sai a ba shi nasa sunan.

Zane kuwa ɗan gida ne, kuma yana da faɗi. Akwai zanen ƙwarya, zanen fuska, zanen ginin soro, zanen ɗaurawa, zanen bulala, da zanen ƙaddara wanda ba ya gogewa. Kusa da shi akwai zayyana, baƙuwa daga Larabci mai nufin ƙawatawa, wadda alarammomi ke kiran adon da suke yi wa rubutaccen Alƙur'ani da ita. Tsakanin labarin zane da zanannen labari, na fi son na biyu. Na farko ana iya jin sa kamar labari ne game da zane. Na biyu ya faɗi abin da aka yi wa labarin: wani ya rubuta nasa, wani ya rera, wannan ya zana.

Ba yau muka fara raɗa wa baƙon hoto suna ba. Fitilar da Turawan mulki ke haska hotuna da ita a bango, a harshensu fitilar sihiri ce, daga kalmar sihirin muka samu majigi. Shi kuwa silima da ya zo, har dodon bango aka kira shi. Tun ranar farko, ke nan, mun sa hoton da ba mu saba da shi ba a layin abubuwan ɓoye. Mai zanen iskoki yana da magabata a cikin harshe ko da bai sani ba. Da yake marfin littafi ma bango muke ce masa, duk dodon da ya zana a marfi dodon bango ne na sosai.

Mu shiga cikin shafin. Farin kewayen magana, wanda Italiyawa suka ga hayaƙi, Faransawa suna da suna biyu gare shi. Na yau da kullum kumfa yake nufi. Na masana shi ne phylactère, daga Girkanci, kuma ma'anarsa ta asali abin kariya da ake ratayawa a jiki da rubutu a ciki. Laya ke nan! Ba na jin akwai suna da zai fi wannan zama a Hausa. Laya 'yar jaka ce mai ƙunshe da rubutu, kuma masana da dama na ganin ita kanta daga al-aya ta fito. Mai zane ya ce wa abokin aikinsa, “Layar nan ta cika magana, rage ta,” kowa ya gane.

Su kuma 'yan murabba'an da aka yanka shafi da su, ni gida zan kira kowanne, yadda ake ƙirga gidajen hatimi. Shafi mai gida tara, uku a kwance uku a tsaye, tsari ne sananne wurin masu wannan sana'a, shi aka gina littafin Watchmen na 1986 a kai. Mu kuma mun san wani gida tara da ya girme shi nesa: hatimin da kowane layinsa, ta ko'ina aka bi, yake ba da 15. A kusurwoyinsa huɗu akwai 2 da 4 da 6 da 8. A lissafin abajada waɗannan su ne ba, dal, wau da ha. A haɗa su a karanta: buduhu. Daga nan baduhu ya fito, maganin da ake cewa yana rufe idon abokin gaba. Lissafi ne tsantsa ya bi ta hannun malamai ya koma sunan asiri. Wanda zai sa jaruminsa ya ɓace a shafi mai gida tara, ya kamata ya san wannan zumunci.

Sai suna na biyu, kuma shi ne mai nauyi.

Kamfanonin waje suna da aljihu guda da suke zuba irin wannan labari. Sunan aljihun daga Latin yake, ma'anarsa abin da ke bisa ɗabi'a. A fassara shi haka kai tsaye, Bahaushe zai ji wani abu daban, domin ɗabi'a a wurinmu hali ce: yaro mai ɗabi'a, ɗabi'ar banza. Labarin da ya wuce ɗabi'a sai a zaci na marasa kunya ne.

Amma a dubi tushen kalmar. A Larabci ɗaba'a shi ne buga hatimi a bar alama. Ɗabi'a ita ce alamar da aka buga wa halitta tun asali. Daga nan dai aka samu ɗab'i, aka samu maɗaba'a, wurin da ƙarfe ke barin alama a takarda. Matashinmu zai ɗauki abin da ya wuce ɗabi'a ya kai gidan ɗab'i, kalmomin biyu kuwa uwa ɗaya uba ɗaya.

Malaman zaure ba su ce ɗabi'a ba, al'ada suka ce. Hariƙul ada, abin da ya keta al'ada, wato ya saɓa wa yadda aka saba ganin duniya na tafiya. Kuma ba su bar shi a dunƙule ba. Idan a hannun annabi ya bayyana, mu'ujiza ce. A hannun waliyyi, karama. A hannun fasiƙi, istidraji, wanda suke fassarawa da talala. Wanda aka koya aka nema ta haramtacciyar hanya, sihiri. Abin da ido ya gani yana iya zama iri ɗaya. Sunan yana bin wanda abin ya fito daga gare shi.

A ƙasar da muke magana wannan rabo ba na cikin littafi kawai ba ne. Dingyaɗi a ƙaramar hukumar Boɗinga take, Sifawa ma haka. A Sifawa Shehu Usmanu ya zauna yana karantarwa kafin ya koma Sakkwato a 1815, ƙanensa Abdullahi kuma yana Boɗinga. Waziri Giɗaɗo ɗan Laima, mijin Nana Asma'u, ya tattara karamomin Shehu a littafinsa Raudul Jinan. Yaron da ya tashi a nan ya ji labarin karama tun kafin ya iya riƙe fensir. A ganina bai kamata ya zuba ta aljihu ɗaya da ƙarfin jarumin da ke tashi sama da mayafi ba, ko da editan waje ya ce ai duk ɗaya ne. Mai karatunsa na gida ya san ba ɗaya ba ne.

Ƙasa da wannan kuma akwai wani tsani. Tsafi yana tafe da bauta da yanka. Surkulle magana ce da ake furtawa. Sammu da jifa aikin da aka yi wa wani ne daga nesa. Siddabaru da dabo da rufa-ido wasan saurin hannu ne, na dandali. Gaibu kuwa, abin da ya faku, ya fi su duka girma, shi ba a wasa da sunansa. Farfesa Aliyu Muhammadu Bunza na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato ya daɗe yana rarrabe irin waɗannan kalmomi, kuma daga Dingyaɗi zuwa Sakkwato ba tafiya ba ce.

To labarin fa, tatsuniya ne? A ƙasar Sakkwato da Nijar an fi cewa gatana, sunan da ake jin amonsa a mabuɗinta. Tatsuniya ba ta ɓoye cewa ƙarya ce, mai yin ta ma Gizo yake ɗora wa laifin in ya zo rufewa. Almara ƙirƙira ce mai wasa da hankali. Ƙissa ta annabawa da magabata ce. Labari shi ne mai iya zama gaskiya. Ga inda gizo ke saƙar: dodon tatsuniya kowa ya san babu shi, amma aljani akwai sura guda da sunansa, ta 72. Editan Landan yana karanta aljani a matsayin ƙirƙira. Tsohuwa a Shagari tana karanta shi a matsayin maƙwabci da ba a zuba wa ruwan zafi da dare sai da bisimilla. Littafi ɗaya, masu karatu biyu, kuma takardar neman bugu dole ta san da wa take magana.

Al'ajabi ita ce kalmar da na ga ta fi ɗaukar kayan ba tare da ta yi wa kowa ƙarya ba. Zanannen labarin al'ajabi. Ba ta ce abin ya faru ba, ba ta ce ba zai yiwu ba.

Yanzu ga mutanen cikin labarin.

Aljani ya shigo da rawaninsa na Larabci, wato al ɗin da ke gaba, kamar alƙali da alƙalami da albasa. Tushensa jimun da nunu biyu, ma'anarsa rufewa. Daga nan janin, ɗan tayin da ciki ya rufe. Daga nan majanuni, wanda aka rufe wa hankali. Daga nan janna, lambun da itatuwa suka lulluɓe, wadda ta zama Aljanna. Jinan ɗin da ke sunan littafin Giɗaɗo jam'inta ne. A boko, tsakanin aljana da Aljanna harafi ɗaya ne tak. Mai cika laya da rubutu ya buɗe ido.

Da muka ce mutanen ɓoye, ashe ma'anar tushen muka maido da Hausa tsantsa. Sunan ladabi ne kuma, irin wanda ake kira don kada a ambaci na yanka, kamar yadda mace ba ta faɗin sunan ɗanta na fari.

Iska ta riga aljani zama a ƙasar nan. Abu ne da ba a gani, sai dai a ga aikinsa a ganye da ƙura. Ba mu kaɗai muka yi wannan tunani ba. Ruhu da rihu a Larabci, rai da iska ke nan, dangin juna ne, daga cikinsu muka samu rauhani. Kalmar Latin da Turawa ke kiran ruhi da ita numfashi take nufi. Amma iskarmu ta yi rassa yadda ta ga dama: bugun iska ciwo ne, shan iska hutu ne, ɗan iska kuma zagi. Jam'in ne ke fayyace zance. In aka ce iskoki, an san ba hunturu ake nufi ba.

Masu bori sun kasa iskoki gida biyu, farfaru da babbaƙu. Duk wanda ya yi makarantar allo zai ɗaga kai da jin haka, domin da waɗannan sunaye ya fara karatu: babbaƙu haruffa ne tsirara, farfaru kuma in an sa musu wasali. Zanen da babu launi, tawada baƙa a farar takarda, ya samu kalmomin aikinsa a shirye.

Kuma iskokin suna da sunaye da gari da sarauta. Birninsu Jangare. Akwai Sarkin Aljan Sulaimanu, akwai Ɗan Galadima mai kyauta da caca, Malam Alhaji mai tari da tasbaha, Sarkin Rafi, Kuturu, Inna wadda ake ce wa Doguwa. Kowanne da tufarsa da tafiyarsa da abin da yake so. Wanda iska ta hau doki ne, mace goɗiya. Kamfanonin Amurka kan shekara suna gina wa jarumansu dangi da masarauta. A nan an gama ginin tun kaka da kakanni, kuma saboda haka ne ma ya wajaba a taɓa shi da sani: akwai masu girka har yanzu, akwai kuma malamai masu wa'azi a kansa, duk za su ga littafin.

Dodo shi ne na tsoratarwa, mai cin mutane a tatsuniya, amma sunansa ya sauko har kan dodon koɗi da dodon kunne, abubuwa biyu da ke lafe a cikin rami. Fatalwa ta mamaci ce. Kurwa ta mai rai ce, ita maye ke kamawa. Maye kuwa mutum ne, ba iska ba, kuma a rubuce ya yi daidai da mayen abin sha da maye gurbi, sai jimla ta raba gardama. A kansa ina da roƙo. Zargin maita yana faɗawa kan mutane na gaske, galibi tsofaffi marasa gata. Mai zane ya yi tunani kafin ya ba maye fuskar tsohuwar da ke bakin kasuwa.

Me ke faruwa in waɗannan sunaye suka ƙetare ruwa? Muna da misali biyu. Antoine Galland ya fara fitar da Dare Dubu da Ɗaya da Faransanci a 1704. Da ya zo kan jinni sai ya ɗauko wata kalmar Faransanci mai kama da ita a kunne, asalinta Latin, ba dangin iya ba na baba. Daga nan Turai ta samu bawan fitila mai cika buri. Na biyu, Tremearne ya buga littafinsa kan bori a 1914, bayan ya yi bincike cikin Hausawan Tunis da Tarabulus, kuma tun a bango ya kira iskoki shaiɗanu. Kalma ɗaya ta shafe bambancin farfaru da babbaƙu, ta mai da Malam Alhaji ɗan'uwan Iblis.

Shi ya sa nake ganin a takardar da za ta fita waje, iska ta tafi da sunanta. A rubuta iska, a yi bayani a jimla ɗaya, a wuce. Masu karatun manga a duniya sun koyi yokai da shinigami ba wanda ya yi ƙorafi. Sai dai suna yana iya jawo magana ta wata fuskar. Naif Al-Mutawa na Kuwait ya fitar da The 99 a 2006, jarumai masu ɗauke da siffofi daga kyawawan sunayen Allah, kuma a 2014 aka yi fatawa a kansa a Saudiyya. Wanda ke zane a ƙasar Shehu ya san akwai sunayen da ba a sa wa fuska.

Saura na uku: me yake yi in ya aika takardar?

Masu Turanci jifa suke kiransa, irin na ƙwallo: ka wurga, ko a cafe ko a bari ta faɗi. A Hausa jifa ta riga ta samu aiki a wajen masu sammu, ba za mu ara ba. Gabatarwa ta yi sanyi, ta ofis ce. Ƙoƙon bara kuwa a ajiye shi, mai shafi ashirin a hannu ba almajiri ba ne. Talla ce kalmar. Kuma in talla ce, sai a bi ƙa'idar kasuwa har ƙarshe. Mai kaya ya nuna, mai saye ya taya. In tayin bai kai ba, mai kaya ya ce albarka. In ya kai, ya ce na sallama. Yawancin sababbin marubuta suna zaton kamfani ne kaɗai ke da ikon ƙi. A harshen kasuwarmu albarka a bakin mai kaya take.

Tsakaninsu wani lokaci akwai dillali, shi ma Balarabe ne, dallal, mai nuna hanya. Dillalan littafi a Ingila da Amurka la'adarsu bisa al'ada kashi 15 cikin ɗari ce.

Wa ake kai wa tallar? A nan ma suna ya cakuɗe. Mawallafi a asali mai talifi ne, daga allafa, haɗa abubuwa su saba da juna. Yau ana kiran marubuci da shi, ana kiran kamfani da shi. Maɗaba'a injin bugu ce, amma ita ma ana kiran kamfani da ita. Aiki uku ne daban: mai rubutawa, mai bugawa, da mai zuba kuɗinsa ya tace ya yaɗa. Na ukun shi ne ba mu ba suna tsayayye ba, wataƙila don shi ne ya fi ƙaranci a cikinmu.

Da farko ma tallar a juye take. A 1933 Rupert East na Hukumar Talifi ta Zariya shi ya bi malamai yana neman su rubuta ƙagaggun labarai. Cikin abin da aka samu akwai Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na wansa Bello Kagara, kuma duka biyun aljanu sun taka rawa a ciki. Tun kafin nan, Frank Edgar ya buga tatsuniyoyi mujalladi uku tsakanin 1911 da 1913, da yawansu daga takardun ajami da Razdan Burdon ya tara a Sakkwato. Ƙagaggen labarin Hausa na boko da al'ajabi ya buɗe ido. Kamfanin Gaskiya ya zo a 1945, kamfanin buga littattafai na NNPC a 1966. Daga tsakiyar shekarun 1980 marubutan Kano suka daina jira: marubuci ya biya maɗaba'a, ya kai wa 'yan kasuwa. A wannan kasuwa ce irin su Abdul'aziz Sani Madakin Gini suka yi suna da labaran yaƙi da aljanu da matsafa. Masu karatu suna nan. Zanen ne bai samu kamfani ba.

Don haka idon mai zane kan tafi Legas, inda Jide Martin ya kafa Comic Republic a 2013, ko ya wuce Amurka. Roye Okupe, mai labarin Malika wadda ake hango inuwar Amina ta Zazzau a jikinta, ya fara da buga kayansa da kansa, sai a 2021 kamfanin Dark Horse ya ɗauki littattafansa. A wannan kamfani Mike Mignola ya fitar da Hellboy a 1994, labarin shaiɗanu da fatalwa, kuma mallakarsa na hannunsa. Shi kuwa Image, wanda masu zane bakwai da suka bar Marvel suka kafa a 1992, abin da yake nema a wurin baƙo sananne ne: taƙaitawa shafi ɗaya, aƙalla shafi biyar da aka gama zanawa aka cika layunsu, da samfurin bango.

Taƙaitawa daban, tsakure daban. Tsakure ɗanɗano ne, shi ne shafi biyar ɗin. Taƙaitawa kuwa dole ta tona ƙarshen labari. Marubucinmu ya saba yanke zance a daidai inda takobi ya ɗaga, ya ce a haɗu a littafi na biyu. Wannan dabara ta mai karatu ce. Edita so yake ya san ko yarinyar ta dawo, kuma in ta dawo, ita ce ko wata ce a jikinta.

“Mai zaman kansa” ma yana son a tsaya a kansa. A bakinmu yana nufin abin da ba na gwamnati ba, kamar asibiti ko makaranta. A wannan sana'a yana nufin wanda bai sayar da mallakar labarinsa ba. Jerry Siegel da Joe Shuster sun sallama Superman a 1938 kan dala 130, suka shafe shekaru suna shari'a. Haƙƙin mallaka ake cewa. Haƙƙi kuwa ya shigo Hausa sau biyu: sau ɗaya tsirara, sau ɗaya da rawani, ya zama alhaki. Abin da yake naka, da abin da ke hawa kanka in ka ci na wani. Mai zane yana da haƙƙin fuskar da ya ƙirƙira da labarin da ya tsara. Jangare da Ɗan Galadima ba nasa ba ne balle ya sa hannu ya sayar.

Jerin fa, me za a kira kowane yanki? Littattafan Kano na ɗaya da na biyu suke cewa. Mujallu fitowa suke cewa. Masu fim mai dogon zango sun ɗauko kalmar fatake: zango, inda ayari ke sauke kaya ya kwana, kalmar da ta bi Hausawa har Kumasi da Accra ta zama sunan unguwa. Fitowa shida su yi zango ɗaya. Lissafin ya yi daidai da yadda kamfanonin waje ke tara fitowa biyar ko shida su ɗinke littafi guda.

Abu na ƙarshe da zan so a rubuta a yarjejeniya shi ne harshen cikin laya. Daidaitacciyar Hausa ta ginu a kan Kananci, kuma ita ta dace da bayanin marubuci. Amma iskar da ta tare yaro a fadamar Dingyaɗi ba za ta ce “Me kake nema?” ba. Cewa za ta yi, “Mi kaka biɗa nan, ɗan samari?” Kada edita ya goge wannan da sunan gyara. Sannan a tambayi wane irin haruffa za a yi bugu da su. Bisa al'ada layu da manyan baƙaƙe ake cika su, kuma yawancin haruffan kwamfuta da aka ƙera don wannan aiki ba su da Ɓ da Ɗ da Ƙ. A gwada tun kafin a sa hannu. In babu ƙugiya, mutanen ɓoye za su rasa ma'ana, baƙin aljani kuma ya koma bakin aljani.